Mataccen Mabuɗin Sale Kadana

Shekara arba'in ke nan cif da rasuwar Sale Kadana, kuma abin da zan faɗa muku a kansa, in kun ga dama ku yarda, in kun ga dama ku ce Tanimu Mai Nama ya fara zubar tasa. Na saba. Ko limaminmu, in na ce masa ana ruwa, sai ya leƙa waje tukuna. Amma ga ta nan: na san mutumin da ya gina wa kansa kurkuku da hannunsa, ya zaɓi kwaɗon da za a datse shi da shi, ya durƙusa yana roƙon matarsa ta kulle shi kar ta buɗe. Kuma ba kurkukun ne ya kashe shi ba. Bikin suna ne. Wanda ya ce ƙarya ce, ga Libreville, ga unguwar Derrière la Prison, wato Bayan Kurkuku, ɗakin yana nan har gobe. Sai dai yanzu wani mutumin Garwa ne ke ajiye buhunan albasa a ciki.

Ni da Sale mota ɗaya ta kwaso mu daga Kano, kwale-kwale ɗaya ya jijjiga mu a kan teku har muka amayar da abin da muka ci tun na yaye. Muka sauka a ƙasar nan lokacin da man fetur ya hau mata ka. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Ka kwanta gidanka yana kallon daji, ka tashi yana kallon bene. Tumatir ma a jirgin sama yake zuwa, na rantse har da fasfo ɗinsa. Direban taksi ya tsaya, ka sunkuya ka faɗi inda za ka, ya dube ka sama da ƙasa kamar mai taya akuya, in ba ka yi masa ba ya ja motarsa bai ko ce maka ci kanka ba. Ni na kafa tukubar nama, irin wanda mutanen nan ke ce wa kupe-kupe. Shi kuma Sale, da yake ɗan gidan maƙera ne, ya kama sana'ar kwaɗo da mabuɗi. Kwaɗo da Faransanci kadana ake ce masa, daga nan sunan ya manne masa, har ya zamana in ka kira shi da sunansa na yanka, Salisu, ba wanda zai waiwayo.

Inda kuɗi ya sauka, ɓarawo ma nan yake sauke kayansa. Ɓarayin lokacin ba sa fasa ƙofa, sun fi ƙarfin wannan. Tarin mabuɗai suke yawo da shi, su yi ta gwadawa har ɗaya ya dace. Sai Sale ya riƙa yi wa 'yan kasuwarmu wata dabara da ya taso ya ga ana yi a gidansu. Ya ɗauki mabuɗi ya yanka shi biyu da zarto, a karkace, da ɗan ƙugiya. In ka datse kwaɗonka, sai ka zura wannan ka zare, rabin gaba ya maƙale a ciki. Ba ya buɗewa, kuma ba ya barin wani mabuɗi ya shiga. Ko waya ba ta samun wurin wucewa. Sai mai rabin baya ya zo ya ƙugo shi ya fitar, sannan mabuɗin gaskiya ya yi aikinsa. Mataccen mabuɗi yake kiransa. Yakan ce, "Ba ya aikin komai, zama kawai ya iya, kamar Tanimu." Ni kuma in ce ai zaman nawa ne ke ciyar da rabin kartiye, wato rabin unguwa.

Abin da ya tono mini wannan duka, 'yarsa ce, Bilki. Ita ce jaririyar da aka yi wa sunan. Yanzu babbar mace ce da nata 'ya'yan, tana aiki a wani kantin magani a Angondjé, can Akanda inda masu hali suka koma. Kwanan baya ta biyo ta tukubata, ta zauna a benci, ta ce, "Baffa, ka san masu bincike suna neman abin da zai karya lagon hodar iblis a cikin ka?"

Na ce, "Ki bari mana. Da guduma?"

Ta yi dariya irin ta ubanta, ta gefen baki. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙananan ƙofofi, kowace da ramin mabuɗinta. Jiki da kansa yana da wani sinadari, dofamin, shi ne mabuɗin. In ka ci abinci mai daɗi, ko ka ga wanda ranka ke so, sai ya fito kaɗan ya buɗe ƙofa, ka ji daɗi, daga nan a kwashe shi a mayar ma'ajiya. Ita hodar, hana kwashewar take yi. Sai mabuɗai su taru jingim, su yi ta buɗe ƙofofi ba ji ba gani, mutum ya kasa zama, ya kasa barci, zuciya ta yi ta dakan sakwara. "To shi ne suke gwada wani irin magani," in ji ta, "wanda zai riga shiga ramin ya zauna. Ba ya buɗewa, kuma ba ya barin wani ya shiga."

Wuƙar da ke hannuna ta faɗi. Sama da shekara arba'in ina yanka nama a tsaye, ranar nan sai da na nemi wuri na zauna. Na ce, "'Yar nan, ai mataccen mabuɗin ubanki ke nan."

 Ta san labarin, uwarta Maimuna ta ba ta shi tun da ta yi hankali. Jama'ar waje ne har yau suke cewa zazzaɓi ne ya ɗauke Sale. Bilkin ce ta ce in rubuta. Uwarta ta ce in rubuta, amma kar in ƙara gishiri. Na ce to, zan rage.

Sale ko sigari ba ya sha. Goro ne iyakarsa, shi ma fari. Hodar ta same shi ne a wurin aiki, a unguwar Plaine Orety. Wani ɗan kwangila ya ba shi ya saka makullai a wani gini mai ƙofofi kamar gidan zuma, kuma yana so a gama kafin masu ginin su sauka daga jirgi. Da ya ga Sale yana gyangyaɗi da magagari a hannu, sai ya miƙo masa abu a 'yar takarda, ya ce maganin gajiya ne, irin na manya, kyauta. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Ba zan faɗi sunan mutumin ba, ya riga mu gidan gaskiya, can sai ya yi bayani.

Ku ji inda abin yake da ciwo. A wurinmu 'yan ci-rani, ba a da gwani kamar wanda ba ya barci. Barin gida muka yi don nema, duk wanda ya kwanta da wuri ana yi masa kallon wanda ya manta abin da ya kawo shi. Sai ga Sale ya koma inji. Ya gama ginin nan, ya kama wani, ya dawo ya buɗe rumfa, ya share ƙofar masallaci, ya taya ni hura wuta, yana magana kamar rediyon da aka sa wa sabon batir. Alhaji Garba, mai masaukinmu, wanda shi ne babba a cikin Hausawan unguwar kuma a hannunsa kowannenmu ya sauka, har nuna shi yake yi wa samari: "Ku dubi Sale, ku ji kunya. Wannan shi ne mai zuciya." Ashe zuciyar ce ake ci. Ciwon da ya shigo da rigar ƙwazo, wa zai ce masa ciwo?

Ruwa ba ya tsami banza. Hanci ya fara zubar da jini. Wuya ya zama kamar mariƙin lema. Mutumin da ke dariya da kowa ya koma zargin kowa, ya bi layi yana jijjiga kwaɗunan mutane wai ya ji motsin ɓarayi, rana tsaka. In abin ya sake shi kuma, ya kwanta kamar gawa, ko naman da na gasa masa da hannuna ya tauna ya ce katako ne. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ce sammu ne, an ce iska ce. Wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen nama a wurina ta ja ni gefe ta faɗa mini sunan abin, ta ce ita dai ba ta san allura ko ƙwayar da ke maganinsa ba. Ga kuma tsoron jandarma. Baƙo da hoda a aljihu, ai kafin ya ce a'uzu an sa shi a jirgi, an kuma bi sauran 'yan'uwansa da bincike. Sai kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

Lokacin Maimuna tana da ciki, na fari. Wata safiya ya daka mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai ya ga ta kai hannu biyu ta rufe cikin, kamar mai kare shi daga kare. Da hantsi ya zo tukubata, ya tsaya, bai yi sallama ba. Ya ce, "Tanimu, duk garin nan na kulle wa mutane ƙofa, tawa tana hangame. Ɓarawon kuma a ciki yake kwana." Na buɗe baki zan yi tsokana, na ga idonsa, na rufe. Ya ce, "So nake in ga abin da za ta haifa da idona, ba da idon hoda ba. Ku kulle ni."

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan gidan da suke haya, inda yake ajiye kayan aiki. Muka kwashe, muka shimfiɗa tabarma, muka sa buta da bokiti. Na zaɓo kwaɗo mafi girma a rumfarsa, wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai an kira maɗori, na datse, na tafi ina taƙama. Wallahi ban kai tukuba ba na hango mutumina a bakin titi yana tsayar da taksi. Da mariƙin cokalin shayi ya buɗe, ta tsagar ƙofa. Kulle maƙerin kwaɗo da kwaɗo, ai ɗaure kura da hanji ne.

Da ya dawo hayyacinsa, shi da kansa ya gyara kurkukun. Ya sa rodi a taga, ya canza maratayin ƙofa, ya ƙara katako. Sannan ya zauna ya yanka mataccen mabuɗi, ya ɓata na farko, ya ɓata na biyu, yana zagin kansa. Da ya samu wanda ya yi, sai ya kira Maimuna. A gabana ya durƙusa mata. Namiji, Bakano, a gaban matarsa. Ya ce, "Rabin nan naki ne. Ko na yi kuka, ko na zage ki, ko na rantse miki da Alƙur'ani na warke, kar ki buɗe. Sai ruwan sama ya ɗauke." Ta karɓa, ta zura a zare, ta rataya a wuya.

Damina kuwa a Libreville ba ta san sauri ba. Ruwa yake yi kamar an huda teku ta ƙasa an ɗaga ta sama.

Kwanakin farko ba na so in tuna su. Ya yi barci har muka riƙa leƙawa mu ga ko yana numfashi. Ya tashi ya yi kuka. Ya kira Maimuna da sunayen da ban san ya iya su ba, ya dawo ya kira ta da waɗanda ke narkar da dutse. Ta zauna a bakin ƙofar da tsohon cikinta, tana tsince shinkafa, hawaye na ɗiga a faranti, hannu bai taɓa kaiwa wuya ba. Na taɓa ganin jarumai, na ga wanda ya kama ɓarawo uku da hannu ɗaya, ko da yake ni ne na ba da wannan labarin. Amma ban taɓa ganin jarumta irin ta yarinyar nan 'yar Garwa ba.

Ni aikina taga. Kullum bayan azahar in zo da ƙunshin nama, in jingina da bango in yi ta zuba. Na ce masa tun da ya shiga ɓarayi suka kafa ƙungiya har da shugaba da ma'aji. Na ce masa an ga wani kifi a bakin teku ya haɗiye jirgin mai, an kama shi yana gyatsar kananzir. Ba ya ko ɗaga kai. Sai wata rana ya tauna nama, ya tsaya, ya ce, "Kai, yajin nan ya yi kaɗan. Rowa ka fara?" Jama'a, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Harshe ya dawo. Daga nan dariya ta dawo, kumatu suka fara cikowa. Ya ce a miƙo masa magagari da ƙarfe, yana gyara wa mutane mabuɗai ta taga. Amma bai ruɗi kansa ba. Yakan ce mini, "Ɓarawon yana nan fa. Ya yi lamo ne. In na rufe ido ina jin ɗacinsa a maƙogwaro."

Maimuna ta sauka ruwa bai ɗauke ba. Aka miƙa masa jaririyar ya gani ta tsakanin rodi, ya zuro yatsa ta kama. Sai maganar suna ta taso.

Dangin Maimuna sun taso tun daga Garwa, kawunta da goggonta mai yi mata wankan jego. Alhaji Garba ya tara mu a tsakar gidan, ya ce, "A ina aka taɓa yin suna uba yana kulle kamar akuya? Surukai sun keto ƙasa da ƙasa, da wane ido za mu dube su? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A buɗe shi, wuni ɗaya ne."

Daga bayan labule Maimuna ta ce, "Alhaji, shi ya ce kar in buɗe."

Sale ma ta taga ya ce, "Baba Alhaji, a yi addu'ar a nan bakin ƙofa, ina ji. A ce musu ba ni da lafiya."

"Marar lafiya da kwaɗo a ƙofa? Mahaukaci za su ce, su ɗauke 'yarsu. Ka warke, ga ka nan shar da kai. Ko so kake yarinyar nan ta girma a ce mata ranar sunanta ubanta yana ɗaure?"

Nan Sale ya ja da baya daga taga. Na san wannan ta shige shi. Na ce, "Alhaji, don Allah a bar shi. Ɓarawon bai tafi ba, lamo ya yi." Alhaji ya ce, "Kai mai nama, je ka ji da ragonka. Yaushe aka fara shawara da kai?" Aka kwashe da dariya, don an saba in na buɗe baki dariya ake yi. Wannan shi ne ladan mai barkwanci. Ranar da ya faɗi gaskiya tsirara, ita ma sai a ɗauka ta sa rigar wasa.

Maimuna ta yi ta tirjiya har washegari. Goggonta ta zauna mata a ka: mace ba ta kulle mijinta ranar sunan 'yarsa, abin faɗa ne har jikoki. Mai jego ce, jiki ɗanye, ita kaɗai, dattawa a waje, dangi a ciki. Ta cire zaren daga wuya ta ajiye a kan tabarma. Ba ta miƙa wa kowa a hannu ba. Ta ce wanda zai ɗauka ya ɗauka.

Ya fito da safe cikin farar riga, kamar ango. Ya gaisa da surukai, ya zauna kusa da liman, aka raɗa wa yarinya suna Bilkisu. Ya ɗauke ta ya daɗe yana kallo. Ya zo inda nake fama da rago, ya ɗauki tsoka ɗaya, ya ce yau kam yaji ya ji. Alhaji Garba sai kallona yake yana murmushi, irin na ka gani ko? Ni ma har na fara jin kunyar bakina.

Wajen azahar goro ya ƙare. Jama'a sun yi yawa, don Sale mutumin mutane ne. Kun san mu, a ce an zo sunan 'yarka an tashi ba goro, gara a ce ba ka yanka rago ba. Ya miƙe ya ce bari ya karɓo a kasuwa, yanzun nan. Wa zai hana uban jariri fita ranar sunan 'yarsa, a gaban surukansa? Hannuna dumu-dumu da kitse na hango bayan farar rigar tana shiga taksi. Na ƙwalla masa kira. Ya ɗago hannu bai waiwayo ba.

Bayan la'asar aka same shi a Plaine Orety, a bayan wani gini, zaune ya jingina da bango. Zuciyar ta buga. Ƙunshin goron yana kan cinyarsa, a ɗaure da ganyensa. Ya saya ɗin. Wannan goron shi ne ya hana ni barci shekara da shekaru. Da niyyar dawowa ya fita. Ya dai ce bari ya biya wajen mai hodar sau ɗaya.

Naman da na gasa na suna, shi aka ci a zaman makoki. Aka ce wa mutanen Garwa zazzaɓi ne mai zafi. Aka aika Kano da haka.

Yanzu in na zauna nakan ce, da Sale zai leƙo ya ga yau, me zai ce? Zai ga gidajen Akanda masu ƙofar da ake buɗewa da yatsa, ya ce to in aka yanke yatsan fa? Zai ga kuɗin man da muka zata teku ne ashe kududdufi ne. Zai ga yaran makaranta suna haɗiyar ƙwayoyi kamar gyaɗa, ya ga hodar da a zamaninmu sai gidan manya yau ta san hanyar lungu. In kuma aka ce masa ana gwada mataccen mabuɗi na cikin ka, na san tambayarsa ta farko: wa ke riƙe da ɗaya rabin?

Na tambayi Bilki a wane wuri za a sayi maganin, in saya in ajiye ko don huce haushi. Ta ce, "Baffa, ka yi a hankali. Ba ya kan kanta, ba ya kantin kowa. Yawanci a kan ɓeraye ake gwadawa." Wai in an ba ɓera hodar sai ya yi ta zagaye keji kamar an kunna masa wuta a wutsiya, in kuwa an riga an ba shi mai toshe ƙofar, sai gudun ya ragu. Na ce oh, ɓera ya ga duniya, a ba shi hoda kyauta, a ba shi magani kyauta, Sale kuwa ɗan Adam ko ɗaya. Ta ce wahalar ita ce, ƙofofin nan su ne dai na jin daɗin abinci, da son mutane, da motsa jiki. In ka toshe su duka, ka raba mutum da hoda, ka kuma raba shi da daɗin duniya, ya zauna kamar gunki. Don haka ake ta laluben wace ƙofa ce za a toshe a bar saura. Wannan kam Sale zai gane. Gidan da aka toshe kowace kafa ai kabari ne. Shi ya sa ya bar taga.

Ban riƙe Alhaji Garba a zuciya ba, ko da yake na daɗe kafin in kai nan. Ba mugu ba ne. Shi ya ciyar da mu lokacin da ba mu da ko tabarma. Asirinmu yake so ya rufa, sai ya rufa har da mai asirin. Tun daga ranar, in aka yi suna a unguwa, yana shafa fatiha yake sulalewa, bai ƙara tsayawa cin nama ba har ya koma ga Allah. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Da na sani ƙeya ce, kowa da tasa a baya.

To me ya rage na Sale? Kwaɗunansa suna nan a wasu tsofaffin rumfuna, sun yi tsatsa, sun ƙi mutuwa. Hannunsa yana nan a jikin Bilki, in tana ƙirga ƙwaya a faranti sai ka rantse shi ne ke jera mabuɗai. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan. Ta ce mini iyaye mata sukan zo kantin, su rage murya, su ce ɗansu yana fama da zazzaɓi, ba ya barci, ba ya ci, yana zargin kowa. Sai ta ja uwar gefe ta faɗa mata sunan zazzaɓin ƙarara, ta nuna mata inda za ta kai shi a taimaka masa. Ba ta ɓoye-ɓoye. 'Yar da aka rufe wa gaskiya da goro ranar sunanta, ita ce yau ke kiran abu da sunansa. In an tambaye ni gadon Sale, wannan zan nuna.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Angondjé gaida Maimuna, don a wurin 'yarta take zaune yanzu. Har yau Amarya nake ce mata, har yau tana hararata. Ta yi wani auren, ta haifi wasu 'ya'yan, ta yi furfura, amma zaren nan yana wuyanta. Goggonta ce ta mayar mata da shi ranar da aka share makoki. Muka yi wa marigayi addu'a. Ni kuma bakina ba ya iya hutawa, sai na ce, "Amarya, kin ji abin da masu bincike ke shiryawa? Wallahi da maganin nan yana nan a zamaninmu, da yanzu mutumina yana zaune a nan da jikoki a cinya, yana ce mini yaji ya yi kaɗan."

Ta kai hannu wuya ta taɓa rabin mabuɗin, ta dube ni har sai da na gyara zama. Ta ce:

"Kai Tanimu, ka yi mini shiru. Nawa maganin ai yana aiki, bai karye ba, bai yi tsatsa ba, karɓe shi aka yi. Da na masu binciken yana nan ma, da dattawanku sun ce kar ya sha sai baƙi sun watse."